ZAZZAƁIN CIZON SAURO: ABIN DA SABON BINCIKE YA NUNA MANA

Babu gidan da bai san zazzaɓin cizon sauro ba a ƙasarmu. Da zarar damina ta kankama sai layin ɗakin shan magani ya yi tsawo, a aji kuma kullum akwai wanda ba a gani ba wajen kiran suna. Saboda yawan ganinsa mun daina jin tsoronsa. In aka tambayi lafiyar wani, sai ka ji an ce, "Ai ɗan zazzaɓi ne kawai." Amma wannan ɗan zazzaɓin ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an kamu da shi sau miliyan 263 a duniya, ya kuma kashe mutum 597,000. Kashi 95 cikin 100 na waɗanda suka mutu 'yan Afirka ne, mafi yawansu kuwa yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Cikin kowane mutum goma da cutar ta kashe a duniya a shekarar, wajen uku 'yan Nijeriya ne. Babu ƙasar da ta kai mu hasara.

Duk da haka akwai abin ƙarfafa zuciya. Ƙididdigar da aka yi a Nijeriya a 2010 ta nuna cewa yara 42 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙwayar cutar a jininsu. Da aka sake yi a 2021 sai aka tarar adadin ya sauko zuwa 22. Aljeriya ta rabu da cutar a 2019, Masar kuma a 2024. Watau abin da muka ɗauka gadonmu ne, ashe ana iya rage shi, ana ma iya kawar da shi. Nufina a nan shi ne in bayyana mana abin da masu bincike suka gano a 'yan shekarun nan, da yadda ya shafe mu, musamman ku 'yan makaranta, gama akwai wani sashe na binciken da ya faɗo daidai a kanku.

YADDA CUTAR TAKE YAWO

Kafin mu gane sabon bincike, sai mu tuna da tsohon. Har yanzu akwai masu cewa zafin rana ne ke kawo maleriya, ko dukan ruwan sama, ko cin ɗanyen mangwaro, ko yawan mai a abinci. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya kawo ta. Wata ƙwayar cuta ce wadda ba ta ganuwa sai da madubin likita. Wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, shi ya fara ganinta a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880. A 1897 kuma wani likitan Ingila mai aiki a Indiya, Ronald Ross, ya same ta a tumbin sauro.

Ba kowane sauro ke ɗaukarta ba, sai irin da ake kira anofilis, macensa ce kuwa take cizo, domin tana bukatar jini kafin ta yi ƙwai. In ta ciji mutum sai ta zuba masa ƙwayar cutar tare da yawunta. Ƙwayar takan nufi hanta, ta yi kamar mako guda a can tana hayayyafa ba tare da mutum ya ji komai ba. Daga nan sai dubbansu su fito su shiga jajayen ƙwayoyin jini, su ci, su ƙara yawa, su fasa su. Fashewar nan ce take kawo rawar ɗari da zafin jiki da ciwon kai. Ita ce kuma take jawo ƙarancin jini.

Akwai abu biyu da nake so mai karatu ya riƙe. Na fari, sauro ba ya ƙyanƙyashewa da cutar a jikinsa. Sai ya sha jinin mai ɗauke da ita kafin ya samu abin da zai kai wa wani. Na biyu, bayan ya sha, ƙwayar tana bukatar kwana 10 zuwa 14 a cikinsa kafin ta nuna. Sauro da yawa sukan mutu kafin kwanakin su cika. Saboda haka duk abin da ya gajarta ran sauro, da duk abin da ya share ƙwayar daga jinin mutum, ya yanke wa cutar hanya ke nan.

DARASIN GARKI

Ɗaya daga cikin manyan binciken da duniya take tunawa da su a kan maleriya, a ƙasarmu aka yi shi. Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka zauna a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana Jigawa. Aka fesa wa bangon ɗakuna maganin sauro, a wasu ƙauyuka kuma aka haɗa da ba kowa da kowa magani, mai lafiya da marar lafiya. Cutar ta ragu ƙwarai da gaske, amma ba ta ƙare ba. Da aka daina aikin sai ta dawo yadda take. Masana suka koyi cewa a ƙasa irin tamu, inda sauro ke da yawa da damina, dabara ɗaya ko biyu na ɗan lokaci ba za su isa ba. Sai an haɗa hanyoyi da dama, an kuma dage a kansu shekara da shekaru. Duk sabon binciken da zan ambata a ƙasa, wannan magana yake ƙara tabbatarwa.

'YAN MAKARANTA, MAƊAUKAN DA BA SU SANI BA

Shekaru da yawa hankalin ma'aikatan lafiya yana kan jarirai da mata masu ciki, gama su cutar ta fi kashewa. Ba a kula da yaran da suka tasa ba sosai. Dalili kuwa shi ne, wanda ya girma inda maleriya take, jikinsa yakan saba da ita kaɗan-kaɗan, har ya kai yana yawo da ƙwayar a jininsa ba ya jin zazzaɓi. Yana zuwa aji, yana buga ƙwallo, kowa yana ganinsa lafiya lau.

Masu bincike a gabashin Yuganda suka so su san ko su wane ne sauro yake ɗaukar cutar daga wurinsu. Suka riƙa ɗiban jinin mutanen wani yanki, yara da manya, suna ba sauron da aka kiwata a ɗakin gwaji ya sha, sa'an nan su duba wane sauro ne ya kamu. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna cewa kusan duk sauron da ya kamu, daga jinin mutanen da ba su jin ciwo ya kamu. Kusan kashi 59 cikin 100 kuma daga yara 'yan shekara 5 zuwa 15 ne. Wasu binciken a Malawi da sauran ƙasashe sun nuna cewa yaran da suka kai shekarun makaranta su ne suka fi ƙarancin kwana cikin gidan sauro. A gida, in gidan sauro ɗaya ne ko biyu, uwa da jariri ake ba, yayye kuwa su shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Ku duba abin da wannan yake nufi. Ɗalibin da ya ƙi sauke gidan sauronsa domin yana jin zafi, yana cewa shi maleriya ba ta kama shi, mai yiwuwa shi ne rijiyar da sauro yake ɗiba. In ya koma gida hutu a watan Agusta, sauron da ya cije shi yau, bayan mako biyu shi zai ciji ƙanwarsa mai wata takwas, wadda jikinta bai san cutar ba tukuna.

Shi kansa ma bai tsira ba. Ƙwayar da ba ta kawo zazzaɓi tana cin jini a hankali. A yammacin Kenya an gwada ba 'yan firamare maganin maleriya sau ɗaya kowane zangon karatu, ko ba su da ciwo. Rahoton da ya fito a 2008 ya nuna ƙarancin jini ya ragu da kusan rabi a cikinsu, sun kuma fi takwarorinsu iya tsai da hankali a gwajin da aka yi musu a aji. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a riƙa ba 'yan makaranta irin wannan magani a wuraren da cutar ta yi yawa, in hukumar lafiya ta ƙasa ta tsara haka. Saboda haka ba kowace kasala da gyangyaɗi a aji ba ne lalaci. Wani lokaci jini ne ya yi ƙasa.

GIDAN SAURO, TSOHO DA SABO

Wani babban nazari da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2015 an hana kamuwa da maleriya sau miliyan 663 a Afirka, kashi 68 cikin 100 na wannan nasara kuwa gidan sauro mai magani ne ya kawo ta. Aikinsa biyu ne. Yana tsare wanda ke ciki, yana kuma kashe sauron da ya sauka a kansa, ta haka har maƙwabcin da ba shi da gidan sauro yakan amfana.

Sai dai an daɗe ana sa wa gidajen sauro magani iri ɗaya, har sauro ya saba da shi a yawancin ƙasashen Afirka, har da tamu. Yadda abin yake faruwa shi ne, maganin yakan kashe masu rauni, 'yan kaɗan masu tauri su tsira su hayayyafa, bayan shekaru sai jikokinsu su cika gari. Domin haka masana suka ƙirƙiro gidan sauro mai magani biyu. Ɗaya daga cikin sababbin magungunan, kulofenafir, ba jijiyar sauro yake taɓawa kamar tsohon ba. Yana hana jikinsa samar da ƙarfi ne, sai ya kasa tashi, ya mutu. An gwada shi a gundumar Misungwi ta Tanzaniya, aka buga sakamako a 2022: cikin shekara biyu kamuwar yara ta ragu da kashi 44 cikin 100 in aka gwama da masu tsohon gidan sauro. Gwajin da aka yi a Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu, ya ba da kashi 46. A watan Maris na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fifita irin wannan gidan sauro a inda sauro ya daina jin tsohon magani.

Kada wani ya ce to, nawa tsohon yayi ne, ba shi da amfani. Gidan sauron da ba shi da huda, aka kuma cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, yana hana cizo ko wane irin magani ke jikinsa. Abin da ke ɓata shi, mu ne. In sabo ne, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana ciki. In ya yi datti a wanke shi a hankali da sabulu mai laushi, ba da garin wanki mai ƙarfi ba, a kuma shanya a inuwa, gama rana tana kashe maganin. An yi shi ya jure wanki kamar sau 20, ya kuma yi wajen shekara uku. In ya huje a ɗinke tun hudar tana ƙarama. Da rana a naɗe shi sama. Ba kuwa don shingen lambu ko rufe kaji aka raba shi ba.

LOKACIN CIZO DA WURIN HAIHUWA

An saba koya mana cewa anofilis da tsakar dare yake cizo. Gaskiya ne yawancin cizon a lokacin yake, amma ba duka ba. A birnin Bangi na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya an yi shekara guda ana kama sauro dare da rana. Rahoton 2022 ya nuna kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na cizon cikin ɗaki da rana aka yi shi. Wannan ya kamata ya sa mu tunani a kan ajinmu, da ɗakin cin abinci, da wurin karatun dare, inda ɗalibai suke zama sa'a biyu ƙafa a buɗe ƙarƙashin tebur. Doguwar riga da dogon wando ko zane da safa ba kayan ado kaɗai ba ne da damina.

Ginin ɗaki ma yana da nasa taimako. A Gambiya an sa wa gidaje waya a taga da ƙofa, aka toshe tazarar da ke tsakanin bango da rufi, wadda ta nan ce sauro ya fi shiga. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna sauron da ke shiga ya ragu da kamar rabi, ƙarancin jini kuma ya ragu a cikin yaran gidajen. Wannan aiki ne da kafinta da magini na unguwa za su iya.

Game da wurin haihuwa kuwa, sauro a ruwa yake ƙwai, da zafin ƙasarmu kuma kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. Anofilis ɗin da muka saba da shi ya fi son ruwan sama da ya kwanta a fili: ramin da aka haƙa don yin tubali, sawun taya, sawun shanu, fadamar shinkafa. Amma wani sabon iri ya shigo daga Asiya, ana kiransa sitifensi. An fara ganinsa a Jibuti a 2012, inda maleriya ta kusa ƙarewa, sai ga ta ta dawo da ƙarfi. A 2020 aka same shi a Jihar Gombe, daga baya kuma a Gana. Shi wannan yana jin daɗin birni, yana ƙwai a tankin ruwa da ganga da rijiya da tsohuwar taya, saboda haka ko da rani ba ya rasa wurin zama. Rufe randa da ganga da tanki, da juye duk abin da ke tara ruwa sau ɗaya a mako, ya zama wajibi fiye da dā.

MAGANIN DAMINA DA ALLURAR RIGAKAFI

A ƙasashen da cutar take tashi da damina ta kwanta da rani, kamar arewacin Nijeriya da Nijar da Mali da Cadi, an gano cewa in aka ba ƙananan yara magani kowane wata a watannin ruwa, ana hana wajen kashi 75 cikin 100 na kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan a 2012. Shi ne maganin da ma'aikata suke bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5. A 2023 an ba yara miliyan 53 a Afirka, fiye da rabinsu a Nijeriya. Maganin na kwana uku ne kowane wata. Ma'aikaci yakan ba da na ranar farko, ya bar wa uwa na kwana biyu. In aka ajiye sauran a kan taga aka manta, an rage masa ƙarfi.

Abin da aka daɗe ana jira shi ne allurar rigakafi. Ta farko, mai suna RTS,S, an yi fiye da shekara 30 ana aiki a kanta. Daga 2019 aka gwada ta a Gana da Kenya da Malawi, aka yi wa yara fiye da miliyan biyu. A wuraren da aka yi ta, mutuwar ƙananan yara daga kowane irin ciwo ta ragu da kashi 13 cikin 100. Aka amince da ita a watan Oktoba na 2021. Ta biyu, R21, masanan Jami'ar Oksfod ta Ingila ne suka ƙirƙiro ta, ana kuma yin ta da yawa a Indiya. A gwajin da aka yi wa yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, ta rage kamuwa da wajen kashi 75 cikin 100 a shekarar farko a wuraren da aka yi ta gab da damina. Aka amince da ita a Oktoba na 2023. Kamaru ce ta fara sa rigakafin maleriya cikin alluran yara na kullum a watan Janairu na 2024. Nijeriya ta fara da R21 a watan Disamba na 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa. Sau huɗu ake yi: yaro yana wata 5, da 6, da 7, sa'an nan ta ƙarshe yana wata 15.

To, ko allura ta kawar da bukatar sauran? Binciken da aka yi a Mali da Burkina Faso ya ba da amsa. Aka raba yara kusan 6,000 kashi uku: wasu maganin damina kaɗai, wasu allura kaɗai, wasu duka biyu. Bayan shekara uku, a 2021, aka ga allura kaɗai da magani kaɗai kusan ƙarfinsu ɗaya. Amma yaran da suka samu duka biyu, kamuwarsu ta ragu da wajen kashi 60 cikin 100 a kan na masu abu ɗaya, kwanciya asibiti da mutuwa kuma suka ragu da wajen kashi 70 a kan na masu magani kaɗai. Dukansu kuwa an ba su gidan sauro. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da aka koya a Garki ke nan, ga shi ya sake fitowa da lissafi.

Mata masu ciki su ma suna da nasu. Maleriya takan taru a mahaifa, ta jawo wa uwa ƙarancin jini, a haifi jariri ƙarami ko cikin ya zube. Daga wata na huɗu ana ba da maganin SP a wurin awo, wanda aka fi sani da Fansidar, aƙalla sau uku, da tazarar wata guda tsakani.

A GWADA KAFIN A SHA, A SHANYE IN AN FARA

Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Taifot, ciwon huhu, sanƙarau da zazzaɓin Lasa duk da zafin jiki suke farawa. Wanda ya yi kwana huɗu yana shan maganin maleriya alhali sanƙarau ke damunsa ya ɓata lokacin da ba zai dawo ba. Tun 2010 ƙa'idar ita ce a gwada jini kafin a ba da magani. Akwai ɗan abin gwaji da ake ɗiga masa jinin yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 ya ba da amsa. In ya nuna babu, kada a matsa wa ma'aikaci ya ba da maganin maleriya. A nemi ainihin abin da ke kawo zazzaɓin.

In kuwa akwai, maganin yanzu shi ne wanda ake kira ACT. Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma gare shi a 2005, domin ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin. Tushen ACT wani sinadari ne, atimisinin, da wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka fitar daga wani ganye dangin tazargade a farkon shekarun 1970. Aikin ya jawo mata lambar yabo ta Nobel a 2015. Irin ACT da aka fi bayarwa a nan sau shida ake sha cikin kwana uku, safe da yamma, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, domin jiki ya fi karɓarsa haka.

Kuskuren da ya fi yawa a cikin ɗalibai shi ne, a rana ta biyu jiki ya yi daɗi, sai a ɓoye sauran ƙwayoyin a akwati don wata rana, ko a ba aboki. Zazzaɓin ya sauka, amma ƙwayar ba ta ƙare ba, kuma masu taurin cikinta ne suka rage. Daga 2020 zuwa yanzu an tabbatar da ƙwayar da ta fara jure wa atimisinin a Ruwanda da Yuganda da Iritiriya da Tanzaniya. Har yanzu ACT yana warkarwa, amma mun riga mun ga yadda kulorokwin ya ƙare. Kowane rabin magani da aka sha taimako ne ga cutar.

Akwai alamun da in an gan su ba a jira gari ya waye: jijjiga, amai ba tsayawa, kasa sha ko tsotson nono, barci mai nauyi ko fita hayyaci, numfashi da ƙyar, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, ko fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi. Wannan maleriya mai tsanani ce, tana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya. A asibiti allurar atesunet ake yi. Gwajin da aka yi wa yara fiye da 5,400 a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya nuna a 2010 cewa ta rage mutuwa da kashi 22 cikin 100 a kan kwinin. Amma allura ba ta taimakon wanda bai iso ba.

ABIN DA ZA MU IYA YI

1. Kowane ɗalibi ya kwana cikin gidan sauro kowane dare, a makaranta da gida, da damina da rani, ko yana jin lafiya ko ba ya ji.
2. Shugabannin ɗakunan kwana su riƙa duba gidajen sauro ranar tsabta kamar yadda suke duba gado da farce. Allura da zare su kasance a kowane ɗaki.
3. A rufe jiki lokacin karatun dare. Hukumar makaranta ta sa gyaran wayar tagogin aji da ɗakunan kwana cikin lissafin kowace shekara.
4. Sau ɗaya a mako a zaga harabar makaranta, a cike ramuka, a buɗe magudanar ruwa, a rufe tanki da ganguna.
5. Wanda ya ji zazzaɓi ya je ɗakin shan magani a ranar, a gwada shi. Kada ya karɓi ragowar maganin wani.
6. In an koma hutu, a tambayi iyaye ko ƙanne sun shanye maganin damina na kwana uku, ko an kai jariri allurarsa. Wanda ya iya karatu ya duba katin asibiti ya tuna wa uwa ranar komawa.
7. Iyaye da shugabannin ƙungiyoyin mata da na matasa su riƙa sanar da ranakun rabon gidan sauro da na rigakafi a wuraren taruwarmu, su kuma ƙarfafa mata masu ciki su fara awo da wuri.

Ba ɗaya cikin waɗannan da yake bukatar kuɗi mai yawa. Masana sun yi nasu, sun ba mu gidan sauro mai ƙarfi, da maganin damina, da allura, da gwajin minti 20. Abin da ya rage shi ne hannun da zai sauke gidan sauro da dare, da wanda zai shanye magani har na shida. Wannan kuwa ba a yin sa a ɗakin gwaji, sai a ɗakin kwananmu da gidajenmu. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.